Ranar da Na Mai da Ɗan Ƙwallo Makiyayi

Na yi tafinta a wurare da yawa a rayuwata. Na yi a tashar jiragen ruwa inda nake aiki, na yi a asibiti, na yi wa alhazan da suka ɓata hanya. Yawancinsu sun bi iska, ko an tuna mini ba na tunawa. Amma akwai tafinta guda da na yi wata Juma'a a ɗakin baƙin yayana a unguwar Waziriyya, wadda har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Gemuna ya yi fari yanzu, amma duk sa'ad da na tuna ranar sai kunya da dariya su taso mini tare, in rasa wadda zan fara yi.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu, ni da Yaya, kuma duk a nan Jidda aka haife mu. Tsohonmu baduku ne, ya zo aikin hajji da basillarsa a aljihu, Allah Ya yi zamansa a nan ne. Yaya ya gaji sana'ar, yana da ɗan shago a unguwar Sharafiyya inda yake gyaran takalma da jakunkuna da duk abin da aka yi da fata. Ni kuwa Kano aka tura ni wurin dangi na yi boko, na dawo da Turanci a baki. Yaya daga Hausa sai Larabci. Da Turanci ko zo in kashe ka ba ya ji.

Mutum ne mai sauƙin kai, amma akwai abu biyu da ba a wasa da shi a kansu. Na farko sana'a. Duk wanda ya zo gabansa, kafin ya tambayi garinsu sai ya tambayi abin da hannunsa yake yi. Na biyu ƙwallo. Babban ɗansa ya watsar da makaranta saboda ƙwallon ƙafa, ya yi shekaru yana bin filaye yana jiran wata ƙungiya ta ɗauke shi, har ƙuruciya ta wuce, ba ƙwallon ba karatun. Tun daga nan ko a talabijin aka sa wasa, Yaya tashi yake ya bar ɗakin.

To, wata rana da yamma sai ga 'yarsa ta biyu a gidana, ko kayan aikinta na jinya ba ta cire ba. Na san maganar da ke tafe da ita, don duk gidan an sani. Wani saurayi ne yake nemanta, baƙar fata ɗan Amurka, Musulmi, mai gyaran na'urori a asibitin da take aiki. Ya yi shekara shida a Jidda, Larabcinsa ya nuna. Yaya ya riga ya bincika sallarsa da aikinsa da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, bai sami abin kushewa ba, sai ya ce abu guda ya rage: sai ya ga uban yaron da idonsa. Ga shi kuwa uban zai zo umra.

"Ammi," in ji ta, don haka 'ya'yanmu na nan suke kiran baffa, "kai ne za ka yi musu tafinta. Wallahi ina jin tsoro."

Na ce, "Tsoron me? Uban nasa ɓarawo ne?"

"La, la, ko kusa. Ya yi ritaya."

"Daga wane aiki?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Can ta ce, "Kora, Ammi." Wato ƙwallo, kamar yadda ake faɗa a nan.

Na ajiye kofin shayina. Ta yi sauri ta ce ai ba ta ƙafa ba ce, wata ce da ake kira besbol, wadda ake jefo 'yar ƙaramar ƙwallo wani ya maka mata kulki, wasu kuma su bi ta su cafe. Ta ce mutumin ya yi shekaru yana cin abinci da wasan, shi yana cikin masu tsayawa can nesa suna cafe wadda aka buga sama. Na ce mata a wurin babanki ƙwallo ƙwallo ce, ko da kulki ake dukanta ko da muciya. Sai idonta ya ciko. Ni kuma yarinyar nan a hannuna ta girma. Na ce, "Share hawayenki. Bar mini komai."

Ba ta ce in yi ƙarya ba, wannan dole in faɗa. Ni ne na ɗora wa kaina.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci suka iso. Bisa al'ada saurayi ba ya zama inda ake nemar masa aure, saboda haka aka bar shi a mota, uban ya hau shi kaɗai. Dogon dattijo ne mai farin gemu, kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka ƙasa da ta hagu, yana ɗingishi kaɗan. Jallabiyar da ya saya ta gaza masa, ko ƙwaurinsa ba ta rufe ba. A hannunsa akwai wata tsohuwar jakar yadi. Ya yi sallama da murya mai kauri, ya riƙe hannun Yaya da hannu biyu. Akwai dattawan unguwa biyu da Yaya ya gayyato, muka zauna a kan darduma, aka zuba gahawa, aka miƙa dabino.

Gaisuwa ta tafi lafiya lau. An tambayi hanya, an tambayi iyali, an tambayi yadda ya ga Ka'aba, mutumin ya ce da ya hango ta ƙafafunsa ƙin ɗaukarsa suka yi. Yaya ya ji daɗin wannan. Sai ya gyara zama, ya dube ni.

"Tambaye shi, mece ce sana'arsa?"

Na tambaya. Dattijon ya yi murmushi, ya ce shi ɗan wasan besbol ne tun yana saurayi har jikinsa ya ce ya isa, kuma wurin tsayuwarsa can ƙarshen fili ne, inda ƙwallo take faɗawa idan an buga ta da nisa.

Na juya na ce, "Ya ce aikinsa tsaron fili ne, Yaya. Can ƙarshen filin yake tsayawa."

A raina na ce ai ban yi ƙarya ba, rage magana kawai na yi.

"Fili? Gona ke nan. Me ake shukawa?"

Na ce wa baƙon, yana so ya ji yadda filin yake. Nan take fuskar mutumin ta haskaka. Ya buɗe hannuwa, ya ce ciyawa ce kore shar iya ganinka, a gyare kamar darduma, idan ka fito da safe ƙanshinta kaɗai ya isa ya sa ka gode wa Allah.

"Ciyawa ce, Yaya. Ya ce kore shar, iya ganinka."

"Ciyawa!" Yaya ya dubi dattawan nan. "Ashe kiwo ne. Masha Allah! Sana'ar annabawa." Su ma suka gyaɗa kai, suka ce masha Allah. Baƙon ya ji kalmar da ya sani, shi ma ya dafa ƙirji ya ce masha Allah. Ni kuwa gumi ya fara bin bayana, alhali na'urar sanyi tana aiki.

Yaya ya ce, "Su nawa ne a filin?"

"Ya ce su tara ne, uku daga cikinsu a can baya."

"Mutum tara! Lalle garken ba ƙarami ba ne. To wannan ƙafar fa, me ya same ta?"

Baƙon ya shafa gwiwarsa, ya ce wata rana ce aka buga wata ƙwallo mai nisa, ya bi ta da gudu idonsa a sama, bai ankara ba ya yi karo da katangar filin, amma dai bai sake ta ba.

Na ce, "Ya ce wata ce ta tsere, ya bi ta da gudu, ya yi karo da katanga. Amma ya kama ta."

"Allah sarki!" in ji Yaya. "Na rantse akuya ce. Tunkiya ba ta wannan rashin mutuncin."

Har yau ban san yadda aka yi ban fashe da dariya a wurin ba. Abin da na sani, na fara jin kamar za mu tsallake. Yaya sai fara'a yake, yana ƙara wa baƙon gahawa da hannunsa. Na manta da abu guda: abinci.

Da aka shigo da babban faranti na shinkafar buhari da tsire a kai, Yaya ya ce ba daidai ba ne a bar yaro a mota da yunwa, a kira shi. Saurayin ya shigo ya gaisa, ya raɓe a gefe. Mun sa hannu ke nan, Yaya ya dube shi, ya ce masa da Larabci, "Ɗana, babanka kai nawa yake da su yanzu?"

Yaron ya ce, "Kai na me, Ammi?"

"Na dabbobi mana. Awaki, tumaki."

Yaron ya dubi ubansa, ya dube ni. Ni kuwa na dubi shinkafa. Cikin ladabi ya ce, "Ammi, babana ko kaza bai taɓa kiwo ba. Ɗan ƙwallo ne."

Yaya ya mai da lomar da ya dunƙula cikin faranti a hankali. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Ɗan ƙwallo ka kawo mini gida, ka rataya masa sandar kiwo?"

"Yaya, ka yi haƙuri, ni dai..."

"Halas, ya isa. Faɗa wa mutumin nan abin da ka yi masa, da bakinka. Daga nan ka yi shiru. Yaron zai fassara."

Ban taɓa jin Turanci ya yi mini nauyi kamar ranar ba. Na faɗa wa dattijon komai, tun daga ciyawa har akuya. Ya kalle ni. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, sai dariya ta ƙwace masa, irin dariyar da take fitowa daga ciki, har hawaye suna bin gemunsa. Yana ta maimaita kalmar akuya da yarensu yana dukan gwiwar nan mai ciwo. Ɗaya daga dattawan ya kasa daurewa, shi ma ya tuntsire. Yaya kaɗai ne bai yi ba.

Da dariyar ta lafa, Yaya ya ce wa saurayin, "Faɗa wa babanka ban raina shi ba, baƙona ne. Amma ƙwallo ta cinye mini ɗa ina kallo. Wasa ba sana'a ba ne. Ina tsoron in ba da 'yata gidan da aka gina a kan wasa."

Yaron ya fassara. Na dubi labulen ƙofar ciki, na ga ya motsa. Na san wadda take tsaye a bayansa.

Dattijon ya goge idonsa, ya gyaɗa kai. Ya ce maganar nan ba baƙuwa ba ce a kunnensa, don haka mahaifinsa ya faɗa masa, kusan kalma da kalma. Mahaifin nasa a masana'antar narka ƙarfe ya ƙare rayuwarsa, kuma ya yi shekaru bai taka filin wasa ba don kada a ce ya yarda. Daga nan ya ba da labarinsa, ɗansa yana juyawa zuwa Larabci, ni ina zaune kamar an ɗaure mini baki.

Ya ce mutane suna ganin 'yan wasa a talabijin su ɗauka haka aka fara. Shi shekara takwas ya yi a ƙananan ƙungiyoyi, daga wannan ƙauye zuwa wancan a tsohuwar bas, yau wasa gobe wasa, idan damina ta wuce ya koma dakon kaya a sito. Sau biyu ana sallamarsa yana komawa. Da aka kira shi babbar gasar ƙasar, ya riga ya fara tsufa a ma'aunin wasan. Ya ce shi bai taɓa zama tauraro ba, ba a cika fili don a gan shi ba. Kulkinsa ma ba wani abin a zo a gani ba ne. Abin da ya riƙe shi shekara biyar a can shi ne, idan ƙwallo ta tashi ta nufo ɓangarensa, mai jifa yakan juya baya ya huta, don ya san ba za ta taɓa ƙasa ba. Ya ce wani yinin sai ka tsaya awa uku a rana ba abin da ya zo wurinka, amma idan guda ta zo ta same ka kana tunanin gida, wahalar mutum tara ta tashi a banza.

Na ga Yaya, da tun ɗazu yake kallon bango, ya juyo.

Sai mutumin ya jawo tsohuwar jakar nan, ya fito da wata irin safar hannu ta fata, ƙatuwa kamar akushi, ta yi baƙi don tsufa. Ya ce da ma ya kawo ta ne don ya nuna, domin ita kaɗai ce shaidar aikinsa da yake yawo da ita. Ya miƙa wa Yaya.

Ina jin da hoto ya miƙa masa, ko lambar yabo, da Yaya ko kallo ba zai yi ba. Amma fata ce. Hannunsa ya karɓa kafin zuciyarsa ta yi shawara. Ya juya ta, ya shinshina, ya matsa tafin da babban yatsa, ya sa tabarau ya bi ɗinkin ɗaya bayan ɗaya.

"Fatar bijimi ce," in ji shi, kamar da kansa yake magana. "An sake mata igiya ba sau ɗaya ba. Nan hannun gwani ne. Nan kuma wani ne ya yi gaggawa." Dattijon ya ɗaga yatsa yana dariya, wato shi ne mai gaggawar. Yaya ya tura hannunsa ciki, ya daɗe. "Wannan baƙin ba mai ba ne, gumi ne. Ni na san fatar da aka yi ado da ita, na san wadda ta yi bauta. Wannan ta yi bauta."

Ya ɗago ya ce, "Tambaye shi, da jikin ya ƙi, me ya koma yi?"

Mutumin ya ce unguwar da aka haife shi ya koma, ya share wani fili, ya shekara ashirin da wani abu yana koya wa yara wasan. Dokarsa guda ce: wanda bai kawo takardar sakamakon makaranta ba, ba ya taɓa ƙwallo. Ya ce a duk waɗanda suka bi ta hannunsa, biyu ne kacal suka ci abinci da wasan. Sauran akwai direbobi, akwai malaman makaranta, akwai masu aikin jinya, har da limami guda, kuma duk sallah wayarsa ba ta hutawa. Ya ce aikin da ya fi yi masa wuya ba koyarwar ba ce, a'a, ranar da zai zaunar da yaro ya ce masa, kai ba za ka kai ba, nemi wata hanya tun da sauran lokaci.

Ya nuna ɗansa. Ya ce wannan ma ya faɗa masa haka yana ɗan shekara goma sha bakwai, kuma wata guda cur yaron bai yi masa magana ba.

Saurayin ya tsaya cak a tsakiyar fassarar. Ya sunkuyar da kai, ya ƙarasa a hankali, sannan ya ƙara nasa: "Gaskiya ya faɗa mini, Ammi. Hannuna bai kai ba."

Yaya ya daɗe yana shafa safar nan. Can ya ce, da Hausa, ba da kowa ba, "Ni ko sau ɗaya ban je na ga nawa yana bugawa ba. Faɗa kawai na yi ta yi." Yaron ya dube ni ko zan fassara. Na girgiza kai. Wannan ba ta fassara ba ce.

Sai kuma Yaya ya miƙe tsaye, ya ce, "Yalla, ku tashi. Ni ba na sayen abin da ban gani ba. Bayan la'asar zai nuna mini."

Akwai wani fili tsakaninmu da unguwar Mahjar inda ma'aikata 'yan Pakistan suke buga kurket, wasansu na ƙwallo da katako, duk Juma'a. Ba ciyawa ko ƙwaya, tsakuwa ce da ƙura da tsofaffin tayoyi. Can muka nufa a mota biyu, har da matan gida a ta baya, wai su ba za a ba su labari ba. Saurayin ya je ya yi wa mutanen bayani. Da suka ji dattijon tsohon ɗan wasa ne na gaske, nan da nan suka tsai da wasansu. Wani ƙaƙƙarfa mai gashin baki ya ce shi zai buga masa da faffaɗan katakonsu. Dattijon ya ciro farar ƙwallo mai jan ɗinki daga jakarsa ya ba shi, ya naɗe jallabiya ya soke a ƙugu, ya sa safarsa, ya kama tafiya yana ɗingishi. Ya yi ta tafiya har Yaya ya ce, "Gida zai koma ne?"

Aka buga ta farko. Ta tashi sama, dattijon ya yi taku uku gaba, ya tsaya, ya ja baya, ƙwallo ta faɗi tim a gefensa ta ta da ƙura. Wani a cikin 'yan kallo ya yi tsaki. Daga can nesa muka ga ya ɗaga hannu yana dariya, ya nuna idonsa, ya nuna sama, ya yi alamar a ƙara, kuma a ƙara ƙarfi.

Mai gashin bakin ya tofa yawu a tafi, ya maka mata duka har sai da ƙarar ta dawo daga bangon gidaje. Ƙwallon nan ta tafi sama har na daina ganinta. Abin da ya ba ni mamaki, tun ƙarar ba ta mutu ba dattijon ya juya mana baya ya zura da gudu. Bai ko kalli sama ba. Ɗingishin ya ɓace, jallabiya tana kaɗawa, tsoho mai shekara kusan saba'in yana tsallake taya kamar saurayi. Yaya ya ce, "Ya gudu! Ina za shi?" Sai can ya waiga ta kan kafaɗa, ya miƙa hannun hagu gaba, ƙwallon ta sauko ta shige safar kamar an aike ta. Muka ji tas!

Filin ya kaure. 'Yan Pakistan suna ihu suna jefa huluna sama, direbobin da suka tsaya kallo suna danna oda, daga motar baya kuma wata guɗa ta tashi, na kuwa san muryar matar Yaya ce. Na juya in ga Yaya, sai na same shi ya yi gaba, hularsa a hannu, yana faɗin, "Allahu akbar! Ta ina ya san inda za ta sauka? Ta ina ya sani?"

Dattijon ya dawo a hankali, ɗingishin ya dawo har ya ninka, yana haki yana dariya. Da ya zo mayar da ƙwallon, bai iya ɗaga hannun dama sama da kafaɗa ba, ta ƙasa ya mirgino ta. Yaya ya lura da wannan, na ga ya kalli kafaɗar ya kalli nasa yatsun da basilla ta tanƙwara.

Sai ya ce shi ma a ba shi ya gwada. Muka hana, ya ƙi. Aka sa masa safar, mai gashin bakin ya ɗan cilla masa ƙwallon sama da hannu, ba ma da katako ba. Yaya ya ɗaga kai, ya yi dama, ya yi hagu, ya yi juyi guda, takalminsa ya fita, ƙwallo ta faɗo bayansa shi kuma ya zauna daɓas a ƙura. Wallahi tun rasuwar tsohonmu ban ji Yaya ya yi dariya irin ta ranar ba. Dattijon ya miƙa masa hannu ya tashe shi, suka riƙe juna suna tangaɗi, kowa yana magana da yarensa, kuma ba wanda ya nemi tafinta.

Da Yaya zai cire safar, ya ga igiyar da ta haɗa babban yatsa da na kusa da shi ta tsinke, cafewar nan ce ta ƙarasa ta. Ya duba da kyau, ya saka ta a hammata.

"Faɗa wa babanka," ya ce wa saurayin, "wannan ba za ta koma Amurka a haka ba, a ce ta shigo gidan dukawa ta fita da rauni. Gyaran zai ci kwana uku. Ranar Litinin ya zo ya karɓa." Ya ɗan tsaya, ya kakkaɓe ƙurar rigarsa. "Ya taho da shaidunsa."

Yaron bai ko tsaya fassarawa ba. Sai ya durƙusa a tsakuwar nan ya kama hannun Yaya ya sumbata. Uban bai buƙaci a gaya masa komai ba.

Ranar Litinin aka ɗaura aure. Yaya ya sake wa safar igiya gaba ɗaya da jar fatar akuya irin ta gida, wadda ya daɗe yana ɓoyo, kuma ya ƙi yarda ta bar shagon sai da maƙwabtansa na Sharafiyya suka zo ɗaya bayan ɗaya suka gani, yana ba su labarin cafewar, kullum ƙwallon tana ƙara nisa. Ni kuwa hukuncina shi ne rabon dabino. Amaryar da ta ji cikakken abin da na aikata, ta rufe fuska ta ce, "Ammi, haram alek! Ni cewa na yi ka taimaka, ban ce ka ba shi garke ba."

Yanzu 'ya'yansu uku. Dattijon ya sake zuwa umra sau biyu, kuma duk zuwan a shagon Yaya yake yini, su sha shayi, su yi ta nune-nune da hannu. Yaya kuma ya fara zuwa kallon babban ɗansa a wasan da tsofaffin 'yan ƙwallon unguwa suke yi, ko da yake har yau yana cewa ba ya gane komai.

Abin da ranar ta koya mini ya daɗe yana yi mini aiki. Na ɗauka taimako nake yi, ashe raini ne. Na raina baƙon, na ga kamar rayuwarsa abin ɓoyewa ce. Na raina yayana, na ga kamar zuciyarsa ba za ta iya ɗaukar gaskiya ba. Alhali duk abin da ya haɗa mutanen nan biyu yana cikin maganar da na yi ta ƙoƙarin dannewa. Tun daga ranar, idan aka sa ni tsakanin mutum biyu, abin da aka faɗa shi nake isarwa, da ɗacinsa da zaƙinsa, in koma gefe in bar su. Sau da yawa sukan fi ni sanin yadda za su yi da shi.